Burodin Lahadin Marmaro

Ni Gilette, kowa a ƙauyenmu ya san magana ba ta kwana a bakina, kuma ba gidan da ban san abin da ke cikin tukunyarsa ba. Amma Alizon maƙwabciyata sai da ta shafe shekara ashirin da wani abu tana rufe mini cikinta, katanga ɗaya tsakaninmu.

Ƙauyenmu na bakin kogin Meuse, ba nisa da garin su Budurwar nan da ta sa sulke ta fatattaki Ingilawa, daga baya aka kama ta, aka yi mata shari'a a Rouen, aka ƙone ta. Mu ma muna da tamu bishiyar da namu marmaron, kamar yadda suke da su a can. A da, duk Lahadin tsakiyar azumin coci, wadda muke kira Lahadin Marmaro, uwa takan gasa wa kowane ɗanta ɗan ƙaramin burodi. Ɗa ɗaya, burodi ɗaya. Mai 'ya'ya bakwai, bakwai za ta jero a kwando tana tafe tana yanga. Wanda ya rasu ba a yi masa. Sai a ɗunguma gindin bishiya a ci, a kora da ruwan marmaro, 'yan mata su rataya furanni su yi rawa.

Da labari ya iso cewa alƙalan Rouen sun tsare Budurwar da tambaya kan bishiyar garinsu, wai ko aljanun nan da muke kira Matan Ɓoye ne ke yi mata magana a can, sai kowa ya tsorata. Baudot mai unguwa ya ce daga ranar ba bishiya, ba rawa. Kowa ya bari, ban da Alizon.

Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta ɗaya ne tal, Perrot, shi kuma ya bi rundunar Budurwar bai dawo ba. Wani soja mai wucewa ya ce ya ga faɗuwarsa a ramin ganuwar Paris. Aka yi masa addu'ar mamata a coci, muka yi kuka, aka watse. Shi ke nan, Perrot ya shiga sahun matattu.

To, macen da ba ta da ɗa a raye, wa take gasa wa burodi? Ga ta nan duk shekara, da rana tsaka, da burodi ɗaya a ƙyalle. Ta ajiye shi kan saiwar bishiya, ta zauna har inuwa ta juya, ta taso hannu wofi. Lissafin bai yi wa kowa wuya ba. Aka ce Matan Ɓoye take ciyarwa.

Mahaut matar mai unguwa ta hana ta shiga ɗakin kaɗi. Wanda bai yi hunturu a nan ba ba zai san nauyin wannan hukunci ba. A ɗakin nan na bayan gidan Mahaut muke taruwa da mazarai da ulu, ɗumin shanu ta gefe guda, wuta ta gefe guda, hira a tsakiya. Nan ake ɗaura aure da baki, a kashe shi da baki. Alizon kuwa tana ɗakinta ita da sanyi. A tanderun gari ita ce ta ƙarshe, sai wuta ta fara mutuwa. A coci, bencin da ta zauna ko kaza ba ta raɓarsa. Nikan ji tarinta ta katanga, in ce sannu, ta ce yawwa. Iyakarmu ke nan.

Ana nan sai duniya ta juya. Aka ce za a sake duba shari'ar Budurwar, limaman coci na bi gari gari suna tambayar waɗanda suka san ta. Kai, zo ka ga iyayen baftisma! Mahaut da ba ta taɓa taka garin su Budurwar ba ta ce ita ta riƙe ta ranar suna. Tsoho Odin, wanda ko sunan jikansa ba ya tunawa, ya tuna har launin zanenta. Sai dai duk cikinsu ba mai abin nunawa.

Ni ce dabara ta faɗo wa. Na sami Mahaut na ce, "Uwargida, kuna da zinariya a bola kuna neman tagulla. Wa ya yi shekaru yana kai sadaka gindin bishiya lokacin da kowa ke ɓuya a ƙarƙashin gado?"

Ta zaro ido. "Ke Gilette, shaiɗan ma almajirinki ne."

"Na gode. In Alizon ta ce burodin na Budurwar ne, sunan garin nan ya shiga takardar Paparoma. Me za ki ba ta?"

"Ta dawo ɗakin kaɗi."

"A ina za ta zauna? Bakin ƙofa?"

Ta yi tsaki. "Kusa da wuta."

Na tsallaka wurin Alizon. Rabona da cikin ɗakinta har na manta. Na tarar tana kaɗi a tsaye don kada ƙafa ta sandare, yatsunta duk sun tsattsage.

"Ke tsohuwar banza, kakarki ta yanke saƙa," in ji ni. "Kalma ɗaya za ki faɗa."

"Wa ya mutu da kika shigo?"

"Ba wanda ya mutu. Gobe in liman ya tambaye ki burodin nan na wane ne, ki ce na Budurwar ne. Jibi kina ɗakin kaɗi."

Mazarin ya tsaya a hannunta. "Har yanzu Odette na yin waƙar nan ta mai jaki?"

"Tana yi, da haƙoranta biyu."

"Wani lokaci in iska ta juyo nan nakan ji dariyarku," in ji ta. "Ba na jin abin da aka faɗa. Dariyar kawai."

"To, gobe ki buɗe baki, jibi ki ji da kunnenki. Kusa da wuta, Alizon."

"Kusa da wuta," ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana zuma. Ta ce Allah ya kai mu.

Washegari coci ya cika maƙil. Liman baƙo, wani dogo mai sanyin murya, ya zauna da magatakardansa. Mahaut da kanta ta riƙo hannun Alizon ta kawo ta gaba, tana ce mata 'yar'uwa. Aka sa ta dafa Littafi Mai Tsarki ta rantse.

"Uwa," in ji liman, "an ce kina kai burodi gindin bishiya duk shekara. Na wane ne?"

Na ƙyafta mata ido har fatar idona ta yi ciwo. Ta dube ni, ta dubi Mahaut, ta dubi hannunta da ke kan Littafin.

"Na Perrot ne."

"Wane ne Perrot?"

"Ɗana."

Mahaut ta manta a coci take. "Ke, ba a yi wa matacce burodi!"

"Na sani," in ji Alizon. "Wa ya kawo mini gawarsa? Ke ce?"

Ni da nake taƙama da sanin cikin kowa, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Mu mun binne yaron da baki tun tuni. Ashe ita kaɗai ba ta binne shi ba.

Liman ya gyara murya. "Budurwar fa, kin san ta?"

"Ban taɓa ganinta ba, Uba. Labarinta ne ya shigo gari ya fita da yarona. Ban ce ta yi laifi ba, Allah ya ji ƙanta, ita ma 'yar wata ce." Ta matsa kusa da teburin. "Ku da kuke yawo gari gari kuna tambaya, ba ku gamu da wani ba, mai tabo a haɓa, yana ɗan in'ina? Yanzu zai yi furfura. Perrot ɗan Alizon."

Liman ya dubi magatakarda, magatakarda ya ajiye alƙalami. Wannan ba ya cikin abin da aka aiko su su tambaya. Liman ya ce bai gamu da shi ba, ya ce ba zunubi a burodin, ya sa mata albarka, ya kira na gaba.

Kuna tsammani daga nan aka rungume ta? Ba ku san mutanenmu ba. Mahaut ta ce Alizon ta kunyata gari a gaban baƙi, ta zubar mana da suna a ƙasa. Sauran kuwa, a da tsoronta suke ji, yanzu kunyarta suke ji, kuma kunya ta fi tsoro iya raba hanya. In sun hango ta sai su tuna sun bar wani abu a wuta. Ba wanda ya aika mata.

Na je ɗakin kaɗi kwana biyu, hirar ba ta shiga kunnena. Rana ta uku na ɗauki mazarina da ɗan gawayi na tsallaka katanga.

"Wa ya mutu kuma?" in ji ta.

"Ni ce na kusa, saboda taurin kanki. Matsa."

Na hura gawayi, na zauna, na zazzage mata labarin gari kaf: cikin 'yar Odette, da rigimar Baudot da surukinsa kan alade. Ba ta yi dariya ba, amma ba ta ce in yi shiru ba. Iska na shigowa tana yanka mini ƙafa, don ƙofarta a buɗe take kamar faɗin tafin hannu. Na miƙe zan tura ta.

"Bar ta," in ji Alizon. "Perrot ba ya son ƙwanƙwasawa."

Na koma na zauna, na ja mayafina na rufe gwiwa, muka ci gaba da kaɗi.