Ledar Jini Tsakanin Firji Biyu

Kwana tara injiniyar asibitin ta yi tana gwada rumbunan bayanai na kwamfuta guda biyu, irin masu jera komai a tebura su haɗa wannan da wancan. Ɗaya ne zai riƙe rajistar ɗakin ajiyar jini, zaɓin kuma yana wuyanta. Ba ta ɗauki abin da wasa ba, don daga firjin ɗakin nan ake ɗauko wa ƙanwarta mai sikila jini.

Sabon rumbun ya shiga ranta, ba ta ma ɓoye ba. Kafin ta kai kofin shayi baki ya kawo amsa, ga dabaru iri-iri. Tsohon kuwa ya haura shekara ashirin ana yi masa gyara, ga bin ƙa'ida kamar tsohon hedimasta. Har ta rubuta rahoto ta zaɓi sabon.

Mai gyaran wutar asibitin, wani dattijo da bakinsa ba ya shiru, yana durƙushe yana canza soket. Ya tambaye ta abin da ke faruwa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu. Ta ce ai duka biyun sun yi alkawari a takardunsu cewa ba abin da zai salwanta.

"Gani ya kori ji, 'yata," ya ce.

Tambayar ta tsaya mata a rai. Mayar da ledar jini daga wannan firji zuwa wancan rubutu biyu ne: a cire nan, a ƙara can. To in aka yanke a tsakani fa? Ta zuba wa kowane rumbu ledoji dubu na gwaji, ta sa su aikin kai-kawo, sannan ta nuna wa dattijon wayar wutar kwamfutar.

"Baba, zare."

Da wuta ta dawo, tsohon rumbun ya ɓata lokaci yana bin littafin ayyukansa, ya mayar da aikin da bai kammala ba inda ya faro. Dubu cif. Sabon ya farka nan take, da ɗari tara da casa'in da tara. Sau uku ta maimaita, sau biyu leda na salwanta a sabon.

Tsoro ya kama ta. Ta hango ƙanwarta a gadon asibiti, jinin yana nan kwance a firji, nas ta duba kwamfuta ta ce babu.

Ta jawo rahoton ta goge sunan sabon.