Ƙasusuwan Garba a Gaban Umda

Garba ɗan dako bai taɓa caca ba, kuma duk unguwar Misfala, can Ƙasa Mai Tsarki, ba wanda bai gaji da jin wannan alfahari ba. Amma wani akwati ya shiga ransa. Wani alhajin tsibirin Jawa ne ya bar masa bayan yaƙin duniya, tukwicin dakon kaya har Muzdalifa. Ƙananan ƙasusuwa ne masu zane a ciki, wasan da alhajin ya koya a hannun sojan Japan. Kullum da la'asar Garba na kan soro yana jera su uku-uku.

Maƙwabcinsa Rabe ya leƙo, ya ga ƙashi da baƙon rubutu. Bai zame ko'ina ba sai gidan Umda, mai unguwa, ya ce Garba duba yake yi.

A garin nan mai caca bulala yake sha. Mai sihiri kuwa takobi ne.

Aka kawo Garba da kayansa, Umda ya zazzage akwatin a tabarma. "Esh hada? Mene ne wannan? Caca ce?"

"Ni? Wallahi ban taɓa..."

Ramlatu matar Garba ta yi tari daga bakin ƙofa. Sai a lokacin sakaran ya gane ramin da yake haƙa wa kansa: in ba caca ba ce, to sihiri ne. Tsoro ya kama shi sosai.

"Wasa ne, ya Umda."

"Ɗayyib, da kyau. Wasa yana da doka. Nuna mini."

Garba ya ɗauko uku masu zane iri ɗaya ya haɗa. "Wannan ɗaki guda." Ya ɗauko masu ɗigo biyar, shida, bakwai. "Ko uku a jere, shi ma ɗaki. Ɗaki huɗu da ƙashi biyu tagwaye, ka ci."

"Haka yake yi in zai kira aljanunsa," in ji Rabe.

Garba ya ajiye mai ɗigo biyu, ya ajiye mai uku. Ya laluba tarin, na gaba ya ɓace masa. Gumi ya cika masa ido. Ya juya wannan, ya juya wancan, duk ba shi ba.

Umda ya yi tsaki. Ya miƙa hannu ya zaro mai ɗigo huɗu daga gefen gwiwarsa, ya danna shi a jerin. "Ga shi nan, ya makaho! Kuma da ka ɗauki wancan, da ka..."

Ya tsaya. Ya dubi yatsunsa, sun riga sun kama wani ƙashin. Ya yar da shi kamar garwashi.

"A'uzu billahi! Wannan ba ya kiran aljani, mutum yake kira. A ƙona akwatin. Shi kuma bulala, a bakin kasuwa."

Garba ya sunkuyar da kai, sunan da ya yi shekaru yana tinƙaho da shi ya tafi.

Ana fitowa da shi, Ramlatu ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, hawaye na zuba, wuyan mijinta ya tsira daga takobi, har matan layin suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.