Wata Tara a Hannun Angelina Jang

Shekara goma sha ɗaya Zubaida Yelwa ta yi tana aiki da masu shaye-shaye a Kano kafin ta biyo mijinta London. A wata cibiya ta bayan gari take, inda iyaye kan kawo 'ya'yansu da kodin ko tiramol ya ɗauke wa hankali. Da ganin idon mutum takan san abin da ya sha. Ta iya zama da uwa mai kuka, ta iya magana da uban da ya rantse ya sallama ɗansa har ya sauko. Saboda haka da mijinta Uwaisu ya samu aikin likita a Camberwell, ba ta kawo wa ranta cewa nata aikin zai yi wuyar samu ba.

Sai da ta zo ta tarar a nan ba a kiran mutum social worker, wato ma'aikacin jin daɗin jama'a, sai sunansa yana cikin rajistar hukumar da ke kula da masu wannan aiki. Ta tattara digirinta da sakamakon jarrabawar Turanci da wasiƙar tsohon wurin aikinta ta tura, ta zauna jira. Bayan wata takwas amsa ta zo. Sun yarda da karatunta, amma sun ce ba ta san dokokin ƙasar ba, musamman na riƙe sirrin mara lafiya da na kare masu rauni. Sai ta yi wata shida tana aiki a ƙarƙashin wani mai rajista, shi kuma ya rubuta musu rahoto a kanta.

Wurare bakwai ta nema, duk suka ce ba su da wanda zai ɗauki nauyinta. Na takwas ɗin wata ƙaramar cibiya ce a Whitechapel, a saman wani kantin magani. Matar da ta karɓe ta doguwa ce, da furfura a gaban kai, tabarau rataye a wuya. Ta karanta takardun har ta kai wurin da aka rubuta Kano. Sai ta ɗago.

"Ina kwana, 'yar'uwa? Yaya baƙunta?"

Zubaida ta yi sororo. Matar ta yi dariya ta ce sunanta Angelina Jang, 'yar Jos ce, shekararta ashirin da biyu a wannan aiki.

"Zan karɓe ki," in ji ta. "Amma ki sani, duk abin da kika yi da sunana kika yi shi. Ba ki sa hannu a assessment na tantance mara lafiya, ba ki yanke wa kowa shawara sai na gani. Kin iya?"

"Na iya, Anti."

Makonnin farko sun yi mata nauyi. Ita da a Kano ake kira idan abu ya gagara, yanzu ko wasiƙa ta rubuta sai an duba. Kowace Laraba sukan rufe ƙofa awa ɗaya, Angelina ta bi aikinta ɗaya bayan ɗaya da jan biro. Wani lokaci Zubaida ta fito ranta a ɓace, amma in ta sake karanta gyaran a cikin bas sai ta ga da gaskiyar matar.

A wata na biyu aka haɗa ta da Jamaldeen. Mutumin zangon Kumasi ne, ɗan shekara hamsin da huɗu. Ya yi shekara ashirin yana tuƙa bas a London, ciwon baya ya sauke shi, maganin kashe zafi ya kama shi, daga nan ya faɗa ƙwayar heroin. Yanzu yana kan methadone, maganin da ake ba mutum ya maye gurbin ƙwayar, kullum safe yana sha a gaban mai kantin magani. Ma'aikata uku sun yi da shi, babu wanda ya ji fiye da "I'm fine" daga bakinsa.

Ranar farko wayar Zubaida ta yi ƙara, ta ce wa mijinta da Hausa a gurguje za ta kira shi anjima. Jamaldeen ya kafe ta da ido.

"Hajiya, kai ka ji Hausa?"

Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Ta ce ta ji. Ranar sai da suka wuce lokacinsu da minti ashirin. Ya ba ta labarin bas mai lamba ashirin da biyar, da matarsa da ta koma Ghana, da flat ɗin da ƙaramar hukuma ta ba shi haya, inda yake zaune shi kaɗai a hawa na tara. Ya ce yana da ƙane, Abdul-Samed, mai sayar da yadi a kasuwar Whitechapel, tafiyar minti biyar daga inda suke zaune.

"Ya san halin da kake ciki, Malam?"

"Bai sani ba. Ya ɗauka baya ne kawai."

Wannan magana ta tsaya wa Zubaida a rai. A saninta babu mai fita daga shaye-shaye shi kaɗai. A Kano abu na farko da take yi shi ne ta kira dangi. Ta san abin da doka ta ce, ta karanta, Angelina ma ta maimaita mata. Amma ta ce a ranta wannan namu ne, ba Bature ba ne, kunya ce kawai take hana shi, in an cire masa ita zai gode. Wata Juma'a da ta tashi aiki ta bi layin masu yadi, ta tambayi Abdul-Samed, aka nuna mata. Ta ja shi gefe ta gaya masa komai.

Garin neman gira ta kusa rasa ido. Abdul-Samed ya rufe rumfa ya tafi gidan wansa yana kuka yana faɗa. Kafin Lahadi magana ta kai Kumasi, 'yan'uwa suna ta kira. Ranar Litinin Jamaldeen bai zo ganinta ba. Ranar Talata mai kantin magani ya hawo sama ya ce kwana uku ke nan bai zo shan maganinsa ba, kuma bisa ƙa'ida ba zai sake ba shi ba sai likita ya gan shi.

 Zubaida ta san abin da kwana uku ke nufi. Jiki ya fara mance ƙarfin maganin, in mutum ya koma wa ƙwaya yadda ya saba, tana iya kashe shi. Babu wanda ya san ta je kasuwa. Ta tsaya a bakin ofishin Angelina, hannunta a kan ƙofa, ta yi kusan minti biyu. Sannan ta shiga.

"Anti, ni ce sanadi. Na gaya wa ƙaninsa."

Angelina ta cire tabarau. "Da izininsa?"

"A'a."

Angelina ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe ta ɗauki jakarta da allurar farfaɗo da wanda ƙwaya ta yi wa yawa, ta ce, "Maganarki sai mun dawo. Ɗauko rigar sanyinki."

Lif ɗin ginin ya lalace, da ƙafa suka hau hawa tara, Angelina tana tsayawa tana riƙe gwiwa. Suka yi ta buga ƙofa. Can sai suka ji jan takalmi. Jamaldeen ya buɗe, gumi ya jiƙe masa riga, jikinsa yana rawa, amma a tsaye yake da ransa. Bai koma wa ƙwayar ba, kwanciya kawai ya yi yana shan azaba. Da ya ga Zubaida sai ya kau da kai.

"Madam, kai ka shigo," ya ce wa Angelina. "Wannan ya tsaya waje."

Zubaida ta tsaya a barandar kusan awa ɗaya, tana jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, tana ta hamdala a zuci cewa ba gawa suka tarar ba. Kafin la'asar Angelina ta kai shi wurin likita aka mayar da shi kan magani.

Washegari Laraba ce, suka rufe ƙofa. Angelina ta ce dole ta sanar da manaja, dole a rubuta, kuma zai shiga rahoton da za ta tura wa hukuma. Ta ce ta riga ta gaya wa Jamaldeen yana da ikon kai ƙara, ta ba shi takardar.

"Na san abin da ya sa kika yi," in ji ta. "Ni ma a gidan yawa na tashi. Amma mutumin nan ya rasa aiki, ya rasa mata, ya rasa lafiya. Sirrinsa kaɗai ya rage masa, shi ya ɗauko ya ba ki don kin yi masa Hausa. Dokar nan ba don Turawa aka yi ta ba, Zubaida. Don irinsa aka yi ta."

Zubaida ta yi kuka, ta tambaya ko ta kwashe kayanta.

"Wa ya ce ki tafi? Share hawayenki, akwai mutum biyu suna jiranki a ƙasa."

Jamaldeen ya kai ƙarar, aka kuma ba shi gaskiya. Zubaida ta rubuta masa takardar ban haƙuri, aka mayar da shi hannun wani ma'aikaci, ita kuma aka ƙara mata wata uku. Sai daga baya manajan ya gaya mata cewa shi da farko sallamarta ya so yi. Angelina ce ta zauna masa a ofis ta ce wadda ta kawo kanta ba a kama ta ba, ita ce irin wadda ake so a aikin nan, kuma ta ɗauki nauyin zama da ita sau biyu a mako maimakon sau ɗaya. Ita Angelina ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Bayan mako bakwai, wata safiya mai karɓar baƙi ta ce wani yana nemanta. Jamaldeen ne, ya yi aski, ya ɗan yi ƙiba. Ya zauna bai gaishe ta ba.

"Ka yi mini laifi, Hajiya."

"Na yi, Malam. Ka yafe mini."

"Na karanta takardanka." Ya murza hularsa. "Yaron nan Abdul-Samed kullum yana kawo mini tuwo. Ban ce ka yi daidai ba. Ni ya kamata in faɗa masa da bakina, ranar da na shirya."

"Haka ne."

Ya ce an sama masa gurbi a gidan jinya na wata uku a wajen London, kuma Turanci yana gajiyar da shi, yana so ita ta shirya masa tafiyar. Zubaida ta ce sai ta tambayi Angelina. Da aka amince, ta kawo takardar izini ta karanta masa layi-layi, tana fassarawa. Ya ce a rubuta ana iya gaya wa ƙaninsa ranar tafiya da ranar ziyara, ban da abin da yake faɗa a ɗaki. Haka ta rubuta, ya sa hannu. Ranar tafiyar Abdul-Samed ne ya riƙe masa jaka har tashar jirgi.

Da wata tara suka cika, Angelina ta ba ta rahoton ta karanta kafin a tura. Kuskuren yana nan a shafi na uku, ba a rage ko kalma ba. A ƙarƙashinsa ta rubuta yadda Zubaida ta kawo kanta, da abin da ta yi a watannin da suka biyo, ta rufe da cewa za ta amince ta ba ta kowane mara lafiya nata. Hukumar ta aiko da tambayoyi biyu, suka amsa. Wata Alhamis da hantsi, Zubaida tana cikin bas a kan gadar London, saƙo ya shigo da lambar rajistarta. Ta karanta sau uku, ta kira Uwaisu, ta yi ta maimaita "Alhamdulillahi" kawai.

Ranar Lahadi ta soya masa cike da kula, ta yi miyar taushe, ta nufi gidan Angelina bayan an taso daga coci. Ta shirya jawabi tun daga gida, amma da ta durƙusa a falo ta kama hannun matar, duk ya gudu.

"Anti, Allah ya saka miki. Allah ya jiƙan iyayenki. Ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Amin, amin. Tashi, 'yar'uwa, kin sa ni jin kunya a gidana." Ta buɗe kular, ta lumshe ido da ƙamshin ya buge ta. "Kai! Rabona da masa irin wannan tun bikin ƙanwata a Bukuru."

Suka zauna a ƙasa kan kafet suka ci da hannu, suna gardamar ko masar Jos ta fi ta Kano. Da Zubaida za ta tafi, Angelina ta raka ta har bakin titi, ta ce gobe ta zo da wuri, akwai wata mata 'yar Somaliya da za a yi wa assessment ƙarfe tara, kuma Zubaida ce za ta sa hannu.