Abin da Lamduan Ta Ɓanɓaro a Kututture

Kaka Thongbai ta juya abin a tafin hannunta, ta latsa, ta shinshina. Ɗan mitsitsi ne mai santsi, yana rawa kamar majina. Lamduan mai gasa kaji ce ta ɓanɓaro shi daga ruɓaɓɓen kututture a dajin bayan haikali, har ta cika kwando, tana so ta ji ko na ci ne.

Shekara talatin, duk laimar kwaɗin da za ta shiga tukunya a ƙauyen nan sai ta bi ta hannun Kaka. Abin da take ɓoyewa shi ne, damina biyu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, a laluɓe take yanke hukunci. Wannan kuwa ba laima, ba kara, ba wari. Ta ce wa Lamduan ta dawo gobe, wai ilimi ba ya son gaggawa.

A gida ta dafa shi da ƙwayar shinkafa yadda uwarta ta koya mata: in shinkafa ta sauya launi, guba ce. Ta leƙa tukunya, hazo kawai ta gani. Saura gwaji na biyu, wanda ke kwance a inuwa yana sosa tumbi, wato mijinta Bunmi, mutumin da ke cin ɓeran gona ya bi shi da barasar shinkafa ya kwana lafiya.

Ta zuba masa miya, ta zauna ta tsura masa idon da ba ta da shi. Bunmi ya ɗaga cokali, abin yana karkarwa a ciki.

"Tsohuwa, wannan kuma na wace ce?"

"Ci abincinka, ka cika surutu."

"Damina biyu kina gwaji da cikina, kin zaci ban gane ba?" Ya miƙa mata wani cokalin. "Yau tare za mu sha. In tafiya ce, a ƙona gawarmu da itace ɗaya, yara su huta."

Ta karɓi cokalin. Kunya ta kama ta, tsoro ya fi kunyar. Ta tashi ta juye miyar a kwata, Bunmi yana mitar an yi asarar kifi.

Da safe Lamduan ta zo da mata uku a bayanta, kowace da kwando. Kaka ta gyara zama.

"Ban san shi ba, 'yata," ta ce. "Ban ma gan shi ba."