Giya Ta Biyu

Sarƙar ta miƙe, motar Barau da ta mutu bayan Tafoki ta biyo gingimarin Maharazu kamar akuyar da ake ja kasuwa. An mayar da fasinjojin Barau mata biyu gaban motar Maharazu: wata tsohuwa, Inna Baraka, da 'yar ƙanenta Zulaihatu, matar da shi Maharazu ya saki bara cikin fushin banza. Wayyo, duk direbobin Ƙanƙara a rasa wanda zai biyo hanyar sai shi!

Lokacin nan arzikin mai ya cika ƙasa, kowa sai sabuwar rediyo da babur, amma gas ɗin mota sai an sha layi. Abin da ke tankinsa zai kai Sabuwa ne kawai idan ya bi a hankali da giya ta uku, inda inji ke tafiya ba ihu ba nishi. Ta huɗu takan shaƙe mota idan da nauyi a baya, ta biyu kuwa zuƙar mai take kamar raƙumi a bakin rijiya. Maharazu ya san wannan sarai.

Amma ya bar ta a ta biyu.

So yake hanyar ta yi tsawo, ko ya samu bakin ce wa Zulaihatu ta dawo. Kewarta ta cinye shi, wallahi. A da daga ƙuryar ɗaki takan gane kukan motarsa tun yana gangaren gari, ta ɗora ruwan wanka. Ga ta yanzu kusa da shi, mayafi ya rufe rabin fuska, idonta na kan gonakin dawa.

Suka wuce Faskari, allurar mai na ta sauka. Ya gyara murya.

"Inna, ziyara za ku je Sabuwa?"

"Rakiya dai, ɗan nan," tsohuwar ta ce, ta dubi ƙafafun Zulaihatu. Sai a lokacin ya lura da jan lallen amarci.

Inji na ta kururuwa. Zulaihatu ta saurara kaɗan, yadda ta saba, sannan ta yi magana ba ta dube shi ba.

"Malam, sa mata ta uku. Kana ƙona mai, ba zai kai mu ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ana jirana."

Ya taka kuloci, ya tura giyar. Nan take kukan motar ya kwanta, ta kama hanya sumul, ba gardama.