Sunan Ɗan Fari a Ƙofar Bariki

Hajaratu ta sauka a Inugu a bayan motar albasa, da ƙunshin kayanta da gwangwanin dakakken yaji da ta riƙo wa ɗanta. Shekarun nan ne da yaƙin basasa ya ƙare, 'yan Arewa suka soma komowa gari da ɗaiɗai da ɗaiɗai, kuɗin mai kuma ya sa komai ya yi tsada, har wurin da mutum zai sa haƙarƙarinsa. Direban motar ne ya kai mata saƙo har gida. Ya ce motar soja ta kife da ɗanta, yana kwance a asibitin bariki, ƙafa ta lalace, ana ma maganar yanke ta. Ya ce kuma yaron ya sa an kama mata ɗaki a masaukin baƙi na cikin barikin, inda iyalan soja kan sauka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya tarbe ta a tasha shi ne Gwadabe, ɗan garinsu, mai sayar da albasa, yana zaune a unguwar Coal Camp. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har tumakinta bai bari ba.

"Inna, da ina da wuri ba inda za ki je," in ji shi. "To, mu a ɗakinmu in mutum zai juya sai ya nemi gafarar na kusa da shi. Maza ne zalla. Bari in raka ki barikin."

Ya zuba albasa masu kyau a ƙaramin buhu ya saɓa, wai ba a zuwa ƙofar manya hannu rabbana.

Abin da Gwadabe bai sani ba shi ne, 'yan kasuwa sun daɗe da gano arahar ɗakunan bariki. Mutum ya zo ya ce shi ƙanin soja wane ne, a ba shi mabuɗi, ya kwana, ya kuma jibge hajarsa a ciki. A makon da ya shige wani hafsa ya buɗe ɗaki ya tarar da buhunan barkono har rufi. Masu gadin ƙofa suka sha hukunci, aka aske musu kai tas, aka sa su birgima cikin taɓo a gaban matansu. Kofur ɗin da ke ƙofa ran nan kansa na ƙyalli, zuciyarsa kuma tana tafasa tun safe.

An ɗauke ruwa ke nan bayan azahar suka iso. Kofur ya dubi tsohuwa, ya dubi buhun.

"Kai, tsaya can! Wane ne kana nema?"

Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji Gwadabe, "mahaifiyar Ɗanlami ce, wanda mota ta kife da shi. An ce ya kama mata ɗaki."

"Which Danlami? Babu Danlami ya kama ɗaki a nan."

Gwadabe ya yi turus. Shi tun suna yara Ɗanlami ya sani, duk garinsu haka ake kiransa don ran Alhamis aka haife shi. Bai taɓa tunanin cewa da sunan yanka aka ɗauke shi soja ba. Ya waiwayo.

"Inna, sunansa na yanka suke so."

Hajaratu ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Tun ranar da liman ya raɗa sunan bai taɓa ratsa leɓenta ba. Kakarsa ce ta goye shi, ita kuwa iyakarta "yaron nan", ko ta ce "wancan". Ko ranar da ya tafi soja ana tsakiyar yaƙi, daga bayan rumbu ta leƙe shi.

Kofur ya matso. "Mama, faɗa sunan yaro naka."

"Ai... yaron nan ne," ta ce a hankali. "Dogo haka, yana da tabo a goshi."

Sojojin da ke zaune a benci suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "See mama wey no sabi him pikin name!" Wai ga uwar da ba ta san sunan ɗanta ba.

Kofur bai yi dariya ba. Ya fisge buhun daga kafaɗar Gwadabe ya zazzage, albasa ta watsu cikin taɓo.

"Na sani! Ka yi hayan tsohuwa ka kawo kaya naka. Ku ne kun sa an aske ni!"

"Wallahi tsaraba ce, ranka ya..."

Mari ya katse maganar. Hular Gwadabe ta tashi ta faɗa kwata. Kafin ya dawo hayyacinsa an sa shi tsallen kwaɗo, hannu a kunne, daga ƙofa zuwa gindin mangwaro. In ya tsaya, koboko ya sauka a bayansa. Rigarsa ta tsage, shatar bulala ta fito jajawur, sannan ta fashe.

"Inna, faɗa musu!" yake cewa yana haki. "Ba komai, Allah ya ga uzurinki!"

Hajaratu ta buɗe baki. Sunan yana nan, ta ji shi a maƙogwaro kamar ƙashin kifi, amma harshen ya ƙi ɗagawa. Ta durƙusa ta kama takalmin kofur.

"Ɗana, don girman Allah ku bar shi. Ku kai ni asibitin, zan nuna muku shi da hannu."

Ya fisge ƙafarsa, ta tafi da baya ta zauna daɓas cikin laka. Gwangwanin yaji ya gangara.

Ganin haka Gwadabe ya manta inda yake. Ya miƙe ya yo kan kofur yana cewa, "Uwar wani ce fa! Ba ka da uwa ne?" Bai kai gare shi ba. Wani soja ya tare shi da gindin bindiga a baki, sai ka ji ƙas, kamar an fasa ƙwarya. Ya faɗi rub da ciki. Suka rufar masa da takalma, a ciki, a haƙarƙari, a wuya, albasa na murƙushewa a ƙarƙashinsu, warinta ya gauraye da ƙarnin jini. Masu sayar da ayaba a bakin titi suka kwashi farantansu suka gudu. Da fari Gwadabe yana salati da ƙarfi, can sai salatin ya koma gurnani, can kuma sai shiru. Hajaratu ta ga haƙori a ƙasa kusa da ƙafarta, ta ga kofur ya ɗaga takalmi saitin kan mutumin da bai yi mata komai ba sai rakiya.

"Hammadu!"

Ita kanta ba ta gane muryar ba. Ta fito da ƙarfin da ya sa tsuntsaye tashi daga kan mangwaro.

"Hammadu ne! Hammadu sunansa!"

Kofur ya tsaya da ƙafa a sama. "Hammadu ya cika bariki. Hammadu wa?"

Sunan uba yake so, sunan mijinta marigayi, wanda ta zauna da shi har ya koma ga Allah ba ta taɓa wuce "Malam" ba. Amma wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi.

"Hammadu Salihu," ta ce, hawaye na shiga mata baki. "Ni na haife shi. Hammadu Salihu!"

Wani soja mai tsagar Gobirawa, wanda fitowarsa ke nan daga ciki, ya rugo. "Kofur, gaskiya ne! Mai ƙafar nan ne, ni ya aika na kama ɗakin." Ya dubi tsohuwar, ya dubi na kwance, ya dafe kai. "Ɗan farinta ne, shi ya sa. Haba Kofur, ai da ka tambayi Bahaushe."

Kofur ya sauke ƙafarsa. Ya je ya ɗaga sandar ƙofa.

"Mama kaɗai zai shiga."

"Da shi zan shiga," in ji Hajaratu. Ta tallafo kan Gwadabe ta ɗora a cinya, tana share jinin da bakin mayafinta. "Ba na iyali ba ne ɗakin? To, wannan ma ɗana ne. In kana son sunansa in faɗa maka, yau bakina a buɗe yake."

Bagobirin da wani suka ciccibi Gwadabe. Sai da aka ɗinke masa leɓe aka naɗe masa haƙarƙari, sannan aka kwantar da shi a gadon ɗakin da aka kama mata, ita ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Ya buɗe ido da ƙyar, magana na fita da iska ta gurbin haƙoran.

"Inna... da kin faɗa tun ina da haƙora."

Ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta ce, "Yafe mini, ɗan nan."

Ya ɗaga hannu ya yafe.

Asibitin yana daf da ƙofa, tagoginsa na kallon mangwaron. Ta tarar da ɗanta a gadon ƙarshe, ya rame, ƙafar tana rataye cikin farin ƙyalle. Yana ganinta ya yunƙura.

"Inna, ɗazu na ji ana kiran sunana. Muryar na san ta, amma ban taɓa jin ta da sunan ba. Wallahi na ɗauka tafiya ce ta zo, ana kirana daga can."

Hajaratu ta zauna a bakin gadon, ta juya masa gefe, ta kafa wa bango ido. Ta fito da gwangwanin yajin da ta tsinto a bakin ƙofa, duk ya lotse, laka ta bushe a jikinsa, ta ajiye kusa da hannunsa.

"Yaron nan," ta ce, "ka ci abinci kuwa?"