Igiyar Buhun Gishiri

Shanu bakwai Goggo Madina ta shigo da su Bauchi shekarar da mijinta Hammawa ya rasu, ta zauna a wani gida kan hanyar Zungur. Cikin shekara uku leda ta cinye shida. A daji saniya ciyawa take gani ta ci, a birni kuwa sai ledar tuwo da ta awara, mai maiƙo da ƙamshi, ta haɗiye ta je ta cunkushe tumbi. Saura ɗaya ta rage, Wule, jikar saniyar da mahaifiyar Madina ta ba ta. Ita ce nonon gidan, ita ce kuma abin da ya sa har yanzu Madina ke iya ɗaga kai cikin dangi.

Sai ta ɗaura yaƙi da leda. Da sassafe za ka gan ta da buhu tana bin kwatoci tana tsintar leda. Ta wanke, ta shanya, ta yayyanka, ta tufka igiya a cinya kamar yadda ta saba da rama. Mutanen unguwa, waɗanda su ne masu zubarwar, suka sa mata suna Goggo Bola. Amma da suka ga igiyar ba ta ruɓewa da damina, su ne na gaba wajen neman ta shanya da ta guga. Wule kuwa aka hana ta yawo, aka kafa mata turke a tsakar gida.

Wata rana maƙwabciyarta Juliana, mai sayar da abinci a bakin barikin Shadawanka, ta shigo da ƙunshi a ka.

“Goggo, ga buhun gishiri ya taru mini. Na ce maimakon in ƙona shi, gara in kawo miki.”

“Kai, Maman Luke, Allah ya yi albarka. Wannan ai ya fi leda ƙarfi nesa ba kusa ba.”

Ta warware buhunan zare-zare. Komai takan wanke kafin ta tufka, amma waɗannan ba ta wanke ba, don a wurin ’yar makiyaya gishiri ba datti ba ne, abin alheri ne. Igiyar ta fito fara sol, har ta ji ba za ta iya sayarwa ba. Ta ɗaure Wule da ita.

Bayan sati biyu ta tarar igiyar ta gajarce, bakinta ya tsattsage. Ta ɗora laifin a kan turken, ta tufka sabuwa. Wannan ma haka. Ta zagi ɓeraye, ta tufka ta uku, ta huɗu. Juliana kuma, baiwar Allah, ba ta fasa kawo buhu ba.

Wule ta fara rama. Nono ya ja baya, ciki ya kumbura, ta daina tuƙa. Madina ta ba ta kanwa, ta ba ta jiƙo, ta shiga unguwa gida-gida tana masifa wai wani ne ke jefo leda ta kan katanga. Har da Juliana sai da ta samu rabonta. Da likitan dabbobi ya zo ya danna cikin, ya girgiza kai ya ce a nemo mahauci kafin ta mutu mushe.

Sabitu mahauci ya zo da wuƙaƙensa. Madina ba ta shiga ɗaki ba, ta tsaya ƙyam, don tana so ta ga ledar gidan wa ce, ta kai masa har ƙofa. Ya farke tumbin, ya zura hannu ya jawo. Abin ya yi ta fitowa, gaba ɗaya, gaba biyu, bai ƙare ba. Babu baƙar leda ko ɗaya.

“Goggo, wannan ai ba ledar titi ba ce, igiya ce,” in ji Sabitu. “Ɗanɗanon gishiri ta ji take ta taunawa.”

Madina ta zauna a ƙasa. Baƙin cikin shanu shida tana da wanda za ta zaga a kansa, wannan kuwa ba kowa.

Sabitu ya ɗauraye wani guntu a bokiti, ya ja shi da hannu biyu, bai tsinke ba. Ya miƙo mata, shi a ganinsa yabo ne.

“Wallahi kin iya tufka, ko ciki bai narkar da ita ba. Ajiye, Goggo, za ta ɗaure wata.”

Madina ta karɓa. Ta dubi tsakar gidan, ba ta ga wata saniyar da za a ɗaure ba.